MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO: GURBIN MAKAFI A WAJEN ƘERA KAYAN KARATUNSU

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa duk kayan aikin da ɗan'adam ya ƙera, mai aiki da shi ne alƙalinsa. Maƙeri yana iya ƙera fartanya mai sheƙi, amma sai manomi ya wuni a duƙe da ita kafin a san ko bakinta ya zauna daidai a jikin ƙota. To, wannan magana da ba wanda ke musunta a kan fartanya da gatari, sai ga shi an daɗe ana mantawa da ita idan aka zo kan kayan da ake ƙera wa makafi. Sau da yawa mai ido ne yake tsara abin, mai ido ne yake gwada shi, mai ido ne kuma yake yabonsa, sa'an nan a miƙa wa makaho a jira godiya.

Wannan maƙala za ta bi diddigin rubutun makafi a ƙasashen Faransa da Ingila da Amurka, tun daga shekarar 1784 har zuwa zamanin kwamfuta, domin a ga abin da ya auku a lokutan da aka yi shawara da makafi da lokutan da aka ƙi yi. Daga bisani za ta taɓo inda zancen ya shafi harshen Hausa. Kalmar "makaho" a nan ta ƙunshi wanda ba ya gani ko kaɗan, da kuma wanda ganinsa ya yi rauni har ba ya iya karanta bugaggen rubutu.

2.0 Haruffan Masu Ido a Ƙarƙashin Yatsa

A shekarar 1771 wani matashin tafinta mai suna Valentin Haüy ya ga abin da ya tsaya masa a rai a wani taron kasuwa a birnin Faris. An tara waɗansu makafi, an kifa musu hulunan ban dariya da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa suna gogawa ba tsari, jama'a kuwa suna ta sheƙa dariya. Bayan shekara goma sha uku, watau 1784, ya ɗauki wani saurayi makaho mai bara a ƙofar coci, François Lesueur, ya shiga koya masa karatu, yana biyansa abin da zai samu da ya fita bara. Daga nan ne makarantar yara makafi ta Faris ta samo tushe, wadda ake ɗauka ita ce ta farko irinta a duniya.

Dabarar Haüy ita ce a ɗauki haruffan nan na boko da masu ido suke karantawa, a ƙara musu girma, a danna su a kan takarda mai kauri wadda aka jiƙa, har su yi tudu a ɗaya gefen yadda yatsa zai ji su. Hujjarsa ba abar rainawa ba ce. Yana ganin idan makaho ya yi karatu da haruffan kowa da kowa, ba za a ware shi daga sauran jama'a ba, malaminsa mai ido kuma zai iya duba masa aiki.

Amma fa ido daban, yatsa daban. Ido yana ɗauke harafi gaba ɗaya a ƙiftawa guda, har ma ya ɗauke kalma sukutum. Yatsa kuwa dole ya bi jikin harafin, ya hau ya sauka, ya zagaya lanƙwasa, kafin ya bambanta C da G, ko O da Q. Kafin ɗalibi ya kai ƙarshen jumla, sau da yawa farkonta ya ɓace masa. Littattafan kuma manya ne, ga nauyi ga tsada, saboda haka kaɗan ne makarantar ta mallaka. Babbar illa duka ita ce ɗalibi ba shi da hanya mai sauƙi ta rubuta abu da hannunsa ya dawo ya karanta. Ke nan an ba shi rabin ilmin rubutu: yana karɓa, ba ya mayarwa. Ba za a zargi Haüy da rashin tausayi ba, domin kuwa ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan aiki. Kuskurensa shi ne da ido ya auna abin da yatsa zai yi aiki da shi.

3.0 Ɗan Baduku da Ɗigo Shida

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairu, 1809, a ƙauyen Coupvray, gabas da Faris. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin sirdi da linzami. Yana ɗan shekara uku ya ji ciwo a ido da ɗaya daga cikin kayan aikin uban, ciwon ya ruɓe ya kama ɗaya idon, kafin ya cika biyar ya makance. A 1819 aka kai shi makarantar nan ta Faris, ya tarar da haruffan Haüy.

A 1821 aka shigo wa ɗalibai da wata sabuwar hanya wadda wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, ya ƙirƙiro. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wai don sojoji ya yi ta, su riƙa karanta saƙo cikin duhu, amma masu binciken tarihi na baya-bayan nan sun nuna cewa makafi da sauran waɗanda rubutu ya yi wa wuya suna cikin waɗanda ya nufa tun farko. Ko ma mene ne, Barbier ya kawo abu biyu masu daraja. Na farko, ya bar lanƙwasar harafi ya koma ga ɗige-ɗige masu tudu, waɗanda yatsa ya fi saurin ji. Na biyu, ya kawo allo mai ramuka da tsinke, yadda makaho zai huda takarda da kansa. Sai dai gidan kowace alama a wajensa ɗigo goma sha biyu ne, layi biyu a tsaye, shida-shida. Tsarin da aka kai makarantar kuma sautin magana yake bi, bai kula da ƙa'idar rubutun Faransanci ba, ba shi da alamun tsayawa balle lambobi.

A nan ne abin da mai ido ba zai taɓa lura da shi ba ya bayyana ga yaro ɗan shekara goma sha biyu. Ɗigo shida a tsaye sun fi tsawon tsokar kan yatsa, saboda haka dole yatsa ya yi sama da ƙasa a kan kowace alama, an koma gidan jiya ke nan. Braille ya yi ta gwaji, abokan karatunsa suna taɓawa suna faɗin abin da suka ji, har zuwa 1824, yana da shekara goma sha biyar, ya rage gidan ya koma ɗigo shida: biyu a kwance, uku a tsaye. Wannan gida yana shiga ƙarƙashin kan yatsa baki ɗaya, sai yatsa ya riƙa tafiya a miƙe bisa layi kamar yadda ido yake yi. Ya buga bayanin tsarin a 1829, ya gyara shi ya sake bugawa a 1837.

Ya kamata ɗaliban harshe su dubi yadda aka gina shi. Daga ɗigo shida ana samun alama 63 mabambanta. Haruffa goma na farko, A zuwa J, ɗigo huɗu na sama kaɗai suke amfani da su. Goma na biye, K zuwa T, su ne dai goman farko aka ƙara musu ɗigon ƙasa na hagu. Sauran kuma a ƙara musu ɗigon ƙasa duka biyu. Wanda ya riƙe goman farko ya riƙe mabuɗin sauran, lambobi ma su ne A zuwa J idan aka gabatar musu da alamar lamba. Harafin W ne kawai ya fita daga wannan jeri, don Faransanci bai cika amfani da shi ba, daga baya aka ba shi gurbi. Wajen rubutu da allo da tsinke kuwa daga dama ake farawa zuwa hagu, a juya takarda a karanta daga hagu zuwa dama. Braille, da yake makaɗi ne a coci, ya shimfiɗa tsarin har ga rubutun kiɗa.

Sai a zaci da ganin wannan za a karɓa hannu bibbiyu. Shugaban makarantar na lokacin, Pignier, ya ba da goyon baya, amma a 1840 aka kawar da shi, wanda ya gaje shi, Dufau, ya hana amfani da rubutun. Dalilan da ake kawowa su ne zai raba makafi da sauran mutane, kuma malamai masu ido ba sa iya karanta shi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: idan makafi suka iya koyar da junansu, ina makomar malamin da ba ya son koyon sabon abu? Ɗalibai dai ba su bari ba. An ruwaito cewa da aka karɓe musu tsinkuna sai suka koma ga ƙusoshi da alluran saƙa, manya suna koya wa ƙanana a ɓoye. A 1844, wajen bikin buɗe sabon ginin makarantar, mataimakin Dufau mai suna Guadet ya sa aka gwada tsarin a gaban baƙi. Aka fitar da yaro ɗaya waje, aka yi wa wani shifta ya rubuta, aka dawo da na farko ya karanta ba gargada. Daga nan hanin ya faɗi.

Shi kansa Braille bai yi watsi da kukan masu cewa za a ware makafi ba. A 1839 ya fito da wata hanya ta zana haruffan boko da ɗige-ɗige don makaho ya rubuta wa mai ido wasiƙa, wani makaho mai fasahar ƙira, Pierre Foucault, ya ƙera mata inji. Watau har matsalar da masu ido suka fake da ita, makafi ne suka nemo mata magani. Tarin fuka ya kashe Braille ranar 6 ga Janairu, 1852. Sai a 1854 hukuma ta amince da rubutunsa, shekara talatin bayan ɗalibai sun amince da shi.

4.0 Kwamitin Armitage

Idan labarin Faransa ya nuna abin da ke faruwa in an toshe kunne, na Ingila ya nuna yadda ake tsara sauraro. A tsakiyar ƙarni na 19 hanyoyin rubutun makafi sun yi yawa a can: akwai ta Gall, da ta Alston, da ta Lucas, da ta Frere, da ta Moon. Kowace makaranta da gwaninta, kowane mai taimako da maɗaba'arsa. Makahon da ya koyi ɗaya ba ya iya karanta littafin ɗaya, ɗan kuɗin da ake samu kuma ya tafi wajen buga littafi guda sau uku ko huɗu.

Thomas Rhodes Armitage likita ne wanda raunin gani ya raba shi da aikinsa. A 1868 ya kafa ƙungiyar da daga baya ta zama RNIB, babbar ƙungiyar makafi ta Ingila. Sharuɗɗan da ya gindaya wa masu yanke hukunci su ne abin nazari. Dole mutum ya kasance da yatsa yake karatu, dole ya san hanyoyi uku aƙalla daga cikin masu gasa, kuma kada ya kasance yana da wata riba ta kuɗi a cikin ko ɗaya. Kowane sharaɗi akwai ɓarnar da yake tarewa. Na farko ya fitar da mai auna kyau da ido. Na biyu ya fitar da wanda zai zaɓi abin da ya saba da shi don bai san wani ba. Na uku ya fitar da ɗan kasuwa. Suka shafe kimanin shekara biyu suna gwaji suna jin ta bakin sauran makafi masu karatu, a 1870 suka tsayar da rubutun Braille, duk da cewa daga Faransa ya fito. A 1878 wani taron ƙasashen Turai a Faris ya bi sahu.

A nan akwai wani abin lura. William Moon, wanda ya fito da tasa hanya wajen 1845, shi ma makaho ne, haruffansa kuwa sauƙaƙan layuka ne masu kama da na boko. Ba ta kai Braille sauri ba, amma ta daɗe tana amfanar waɗanda suka makance da girma, musamman waɗanda aikin ƙarfi ko tsufa ya dakushe musu yatsu. Ashe makafi ba tsintsiya ɗaya ba ne a wajen bukata. Wanda aka haifa da makanta da wanda ta same shi yana da shekara sittin ba abu ɗaya suke nema ba, kuma kiran makaho guda a zaunar da shi a kwamiti bai isa a ce an yi shawara da makafi ba.

Amurka ce ta fi shan wahala. Samuel Gridley Howe na makarantar Perkins ya tsaya kan haruffa masu tudu, William Bell Wait ya fito da nasa ɗige-ɗigen a New York a 1868, aka kuma sami wani Braille na Amurka daban. Shugabannin makarantu suka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru, abin da aka laƙaba wa suna Yaƙin Ɗige-ɗige. Masu karatu irin su Helen Keller dole ta sa suka koyi hanyoyi da dama don su sami abin karantawa. Sai a 1932 Amurka da Ingila suka daidaita a kan Braille guda na Ingilishi.

5.0 Zamanin Inji

Da aka shigo zamanin lantarki, darasin bai sake ba. Injin Ray Kurzweil mai duba bugaggen shafi ya karanta shi da murya, wanda aka nuna wa duniya a Janairun 1976, tare da injiniyoyi makafi na ƙungiyar makafi ta ƙasar Amurka aka gwada shi aka gyara. Manhajar JAWS, mai karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, daga kamfanin Ted Henter ta fito, ɗan tseren babur wanda haɗarin mota ya makantar a 1978. Da tsadarta ta gagari talaka, sai Michael Curran, makaho ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara NVDA a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, suka sake ta kyauta ga kowa.

Me irin waɗannan mutane suka sani wanda ya ɓuya ga mai ido? Misali guda ya isa. Mai ido idan zai zaɓa wa inji murya, mai daɗi zai nema, mai kama da ta mutum, mai tafiya a hankali. Makahon da yake aiki da ita daga safe zuwa yamma kuwa sauri yake so, har ya ƙara mata gudu ta kai inda baƙo ba zai tsinci kalma ɗaya ba, kuma yana son ya riƙa tsallake kanun shafi kamar yadda ido yake tsallakewa. Haka nan sandunan lantarki masu ƙara a kunne idan an tunkari wani abu: an ƙera su iri-iri tun shekarun 1960, amma ba su kori farar sanda ba. Sanda tana gaya wa hannu ko ƙasa yashi ce ko dutse, ƙarar bugunta tana gaya wa kunne ko akwai bango kusa, ba ta kuma neman batir. Na'urar da ta cika kunne da ƙara ta toshe wa makaho ƙofar da ya fi dogara da ita.

Waɗansu masu ƙira sukan ɗaure idonsu da ƙyalle na awa ɗaya su ce sun ɗanɗani makanta. Abin da suka ɗanɗana shi ne firgicin ranar farko. Gwanintar shekara ashirin ba ta shiga ta ƙyalle, kuma wanda ya tsara kaya bisa wannan firgici, kayan mai tsoro zai ƙera.

Har kuɗi zancen ya shafa. Lokacin da ake tsara kuɗin Yuro, wanda ya shiga hannun jama'a a 2002, an yi shawara da ƙungiyar makafi ta Turai, shi ya sa kowace takarda da girmanta, tsabobin kuma aka yi musu baki iri-iri. Takardun dalar Amurka kuwa girmansu ɗaya, har wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2008 cewa hakan tauye haƙƙin makafi ne.

6.0 Inda Zancen Ya Shafi Hausa

A ƙasar Hausa makafi ba watsattsun mutane ba ne. Suna da Sarkin Makafi a manyan birane, da unguwanninsu, da sana'a irin ta tukar igiya, ga mahaddata da mawaƙa. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙoƙin Imfiraji da ake nazarta a sassan Hausa, tun yana ƙarami ya makance. Makarantar yara makafi ta Gindiri tun 1953 aka buɗe ta, kuma a Braille na Hausa an ba ɓ da ɗ da ƙ gurabensu. Ta fuskar doka ma, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ta wajabta wa gwamnati tuntuɓarsu ta hannun ƙungiyoyinsu, an kuma sa hannu a kan dokar hana nuna musu bambanci a Janairun 2019. Saboda haka wanda ya ce bai san inda zai sami makafin da zai tambaya ba, bai nema ba ne.

Wurin da aikin ya faɗo a kan masu nazarin harshe shi ne muryar inji. Manhajar karatu tana furta abin da aka rubuta ne daidai yadda aka rubuta shi. Idan marubuci ya yi kasala ya bar ƙugiya, ya sa "kasa" a maimakon "ƙasa", ko "bata" a maimakon "ɓata", mai ido yakan gyara a zuciyarsa ya wuce, amma makaho kuskuren zai ji ɓaro-ɓaro a kunnensa. Idan aka ɗauki hoton shafin Ajami ko na boko aka watsa ba tare da rubutun da inji zai iya bi ba, a wajensa farar takarda ce. Idan kuma muryar Ingilishi aka ɗora wa rubutun Hausa, abin da zai fito ba Hausa ba ne ba Turanci ba.

Mafi wuya duka shi ne daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubuce. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala karin sauti ne ya raba su. "Gari" na zama da "gari" na tuwo, da "gado" na kwanciya da "gado" na magada, akwai tsawon wasali a tsakaninsu. Dole inji ya duba maƙwabtan kalma kafin ya zaɓi furuci, kuma masu ilmin tsarin sauti ne za su shimfiɗa masa ƙa'idojin. Sai dai akwai tambayar da ɗakin gwaji kaɗai ba zai amsa ba. Tun da makaho yakan ninka gudun murya sau biyu ko uku, dogon wasali zai matse, gajere ma ya matse. A wane gudu ne "gari" na tuwo zai fara kama da "gari" na zama, kuma wanne ne ya fi jure matsi, karin sauti ko tsawon wasali? Malamin da bai saba sauraron irin wannan gudu ba kunnensa zai sare tun kafin a kai wurin da ake son aunawa. Ɗalibai makafi masu jin Hausa da ke cikin jami'o'i, waɗanda da irin wannan murya suke bitar darasinsu kullum, su ne za su iya zama a gaban inji su ce a nan ne bambancin ya ɓace.